Alwalar Liman Ɗahiru

Tun da aka kafa sabuwar doka, wanda ya haura saba'in ba ya zaɓar wa kansa magani. Babban ɗansa ne ke dangwala yatsa. Shi ya sa Liman Ɗahiru ya rakuɓe gefe kamar ɗan rakiya, likita tana yi wa ɗansa Nafi'u bayani.

"Kansar mafitsara ce, amma ba ta yaɗu ba. Muna iya ƙone wurin kawai, sai dai takan dawo. Ko mu yanke ƙullun gaba ɗaya, a rabu da ita, amma ƙila ba zai ƙara riƙe fitsari ba."

Liman ya dubi ɗansa. Jama'arsa ba za su bi mai yoyon fitsari salla ba, kuma Nafi'u ne na'ibinsa.

"Nafi'u, a ƙone wurin. Ko shekara biyu ce ta rage, a bar ni da alwalata."

"Baba, lafiyarka muke so," in ji Nafi'u, ko waiwayowa bai yi ba. Ya dangwala yatsa a allon na'urar likita, inda aka rubuta yanka, allon ya yi kore.

A mota Nafi'u ya rage murya cikin ladabi.

"Baba, makullin masallaci yana aljihunka, ko yana gida?"