Gwarzon Wata

Ana cire hotonsa daga bango yana tsaye yana kallo, hannu a aljihu, kamar hoton wani ne.

Shi ne tela na farko da kamfanin ɗinkin buhun nan ya ɗauka, tun fenti bai bushe ba. Kowane keken ɗinki akwai ɗan abin ƙirga buhu a jikinsa, duk su tura lissafi cikin wani akwati, akwatin ya miƙa wa kwamfutar ofis. Ƙarshen wata manaja ya danna, ta fito da wanda ya fi kowa ɗinki, a rataya hotonsa a bango, a ba shi kyauta. Shekara da shekaru suna ɗaya take fitarwa, har sunansa na yanka ya ɓace, kowa sai Gwarzo.

Shi kansa abin na ɗaure masa kai, don bawan Allahn nan bai ƙi hutu ba. Butar shayinsa kullum tana jone a bayan kekensa, ta fi shi gumi. Matar da ke keken gefensa, wadda ƙafarta ba ta sauka daga feda, takan ce, "Baba Gwarzo, wai cikin barci kake ɗinkin ne?"

"'Yata, kwamfuta ba ta ƙarya."

Ya kai agogon bango gida, ya kai fanka, ya kai bargo. Matarsa har ta daina tambayar na mene ne.

Sai kasuwa ta faɗi, aka ce a rage mutum ɗaya. Don kar a ce da son kai, manaja ya tara kowa, ya sa kwamfutar ta fito da wanda ya fi kowa ƙarancin aiki. Ya danna. Gwarzo.

Ba wanda ya yi dariya. Shi ma bai ji komai ba, ko faɗuwar gaba. Ya tuna yara biyar da hayar ɗaki, ya ji su can nesa kamar rediyon maƙwabta.

Foman, mai kula da teloli, shi ne ya tsaya kai da fata sai an duba na'urar. Manaja ya ce to, a kira mai gyara, in laifin na'ura ne Gwarzo ya koma kekensa.

Wata mata ce ta zo, mai tabarau. Ta danna nan ta danna can, ta ɗago.

"Ranka ya daɗe, lafiyarta ƙalau. Haka aka gina ta. In ka ce ta ɗauko mafi yawa ta tarar an yi kunnen doki, na farko a layi take miƙo maka. In ka ce mafi ƙanƙanta, nan ma na farkon."

"Duk ma'aikatana ne suka yi kunnen doki?"

"Kowa sifili gare shi. Akwatin lissafinku ya yi shekaru bai ga wuta ba."

Ta bi wayar akwatin ta jikin bango, jama'a na biye da ita, Gwarzo a ƙarshe yana jan ƙafa. A bayan keke na farko ta durƙusa, ta ɗago kan wayar daga ƙasa, duk ƙura da yanar gizo, ta nemi soket ɗin da aka zare shi daga ciki.

Butar shayi ce a jone, tana tafasa.