Mashin ɗin da Ba Ya Son Hanyar Shinkafi

Mashin ɗin ya yi ɗan tari, ya yi shiru, daidai inda gonakin Kaura Namoda suka fara ƙarewa. Halilu ya sauke ƙafa, ya ce wa fasinjansa ya yi haƙuri, ƙaramin abu ne. Haka ya ce wa na makon jiya ma.

Ya buɗe tanki ya leƙa, cike yake da mai. Ya rufe, ya buga kik, mashin ya tashi kamar ba shi ba. Ba su yi nisa ba ya sake mutuwa. Da abin ya ishi fasinja sai ya sauke buhunsa ya tare wata mota, Halilu kuwa ya juyo gida, yana hawa yana turawa.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne, a tashar 'yan kabu-kabu babu wanda ya kai shi bakin sanin inji. Marigayi ubansa bakanike ne, a zauren gidansu ya yi sana'arsa har ya rasu, shi kuwa Halilu ya ɗauka sanin ya biyo jini. In mashin ya wuce, daga ƙara zai gaya maka ciwonsa, ko ba ka tambaya ba. Yau ga nasa ya mayar da shi abin dariya.

Kuma mashin ɗin yana da zaɓe. A cikin gari sai ya wuni yana yawo ko atishawa babu. Amma ranar kasuwar Shinkafi, ranar da ake samun aikin kirki saboda 'yan kabu-kabu da yawa sun daina bin hanyar, ranar yake tuna ciwonsa.

Hanyar ce ta ci yayansa Kamaluddeen. 'Yan bindiga suka tare su da rana tsaka, har yau ba a ji ɗuriyarsa ba. Mahaifiyarsu, Inna Hindu, ba ta taɓa hana Halilu bin hanyar ba, ta san gidan da abin da ya samo ake ɗora tukunya. Iyakarta ta fito zaure in zai tafi, ta ce ya rufe ido ya ɗaga hannu, ta dafa tanki ta yi masa doguwar addu'a. In ya dawo kuma ta sake dafa tankin ta gode wa Allah.

Halilu ya fara da fulogi, ya canza. Ya kwance kabureta ya wanke ta tas. Ya canza kwayil. Ya zargi mai sayar masa da mai da haɗawa da kananzir, suka yi cacar baki, ya koma wani wurin, mashin bai fasa ba. Da ya rasa ta cewa sai ya haɗiye girman kai ya kai wa Bilyaminu bakanike, mutumin da ya sha cewa a gaban jama'a ko keke bai iya gyarawa ba.

Bilyaminu ya bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Ya hura bututun mai, ya hura 'yar kafar murfin tanki wadda in ta toshe mai ke daina sauka, duk a buɗe. Ya hau ya zaga gari ya dawo.

"Wanga mashin lafiya tai," in ji shi. "Ko dai mai shi za mu duba?"

Maganar ta isa tasha kafin Halilu. Aka sa masa suna Likita Bokan Kansa. Wasu suka ce tsoron hanya yake ji, shi ke kashe mashin ya laƙa wa inji. Wannan ta fi yi masa ciwo, don a ransa ya san duk lokacin da ya juyo gida yakan ji wani sanyi da ba zai iya faɗa wa kowa ba.

Daga nan ya koma zargin sammu. Aka ba shi rubutu ya yayyafa wa injin, ya ɗaura laya a ƙarƙashin kujera. Mashin ya mutu da layarsa.

Ƙarshe ya yi musaya da Nafi'u, abokin aikinsa, bayan ya rantse masa cewa mashin ɗin ba shi da wata matsala, yana roƙon gafarar Allah a zuci. Ranar kasuwa Nafi'u ya je Shinkafi ya dawo, ya zo har gida yana godiya, wai bai taɓa hawa mashin mai lafiya irin wannan ba. Wanda Halilu ya karɓa kuwa, a bakin gonakin nan ya bar shi.

Mako ya zagayo. Halilu ya ƙudurta cewa yau ko da turawa ne sai ya ga Shinkafi, don a daina kiransa matsoraci. Ya fito da mashin zaure da hantsi. Inna Hindu ta biyo shi da carbinta, ya rufe ido ya ɗaga hannu, ta fara. Tana cikin ambaton sunan Kamaluddeen sai ƙuda ya sauka a hancinsa. Ya kaɗa kai, ƙudan ya ƙi tashi, ya buɗe ido.

Babban yatsan Inna yana kan murfin tanki, yana danna ɗan gutsuren sabulu cikin 'yar kafar nan, a natse, da gwanintar wadda ta yi rabin rayuwarta tana miƙa wa bakanike sifana. Ta ɗago suka haɗa ido. Yatsan bai tsaya ba.

"Rufe idonka, ɗana," ta ce. "Ban ƙare addu'a ba."