Bajimin Ɗantsoho Ya Fito a Kwamfuta

"Wannan da ba ta san kaho da kofato ba ce za ta canza mana tsari?" in ji Baffa, magatakardan 'yan shanu a Maigatari, yana taɓe baki.

Da Rhoda mai kwamfuta yake. A tsohon tsari, da Baffa ya buɗe rajistar cinikin shanu sai ta kulle wa kowa, shi kuwa wuni yake a kanta. Yau ta sauya, kowa na iya bincike.

Ɗantsoho, da aka sace wa bajimi bara, ya faɗi shaidar da ke jikin bajimin. Kafin ya zauna amsa ta fito.

"Baba, an sayar da shi," ta ce. "Malam Baffa, masanin shanu, karanta masa sunan wanda ya sayar. Ko sunanka ne ya gagare ka?"