Wayar Mita

Bugu ɗaya tsohuwar Fijon ta tashi, sai bakaniken da aka kira ya duba ta ya kalli Alhaji.

Shekara ashirin Alhaji ya lulluɓe ta a gidansa na unguwar Takur, yana alfahari mitarta ba ta haura kilomita dubu tara ba. Ko asibiti a adaidaita yake zuwa.

"Alhaji, motar da aka jingine ba ta tashi haka." Bakaniken ya leƙa ƙarƙashin sitiyari. "Ai an cire wayar mita."

Alhaji ya waiwaya. Hajiya na bakin ƙofa.

"Duk tafiyarka Kano, da ita nake zuwa Garki duba Inna," ta ce. "Ɗan matsa, Alhaji, ni zan ja ta, giyarta sai da lallashi."