Ƙwaryar da Wuya Bai Sauke Ba

Da suka iso ƙarƙashin mangwaron bakin kanal, tsohuwar ta rage tsawo, wuya a miƙe, ta kai hannu ta tallafe ƙwaryar furarta kada reshe ya kifar da ita.

Ɗanta ya ja ya tsaya. Tun bara ya hana ta kai wa manoman shinkafar Kura fura saboda ciwon gwiwa, kuma yanzun nan ta gama rantse masa ko kewar tallan ba ta yi.

"Inna," ya ce yana gimtse dariya, "me kike tarewa?"

Ta shafa kanta. Ɗankwali ne kawai.

Ta harare shi. "To, ni ka hana talla. Shi wuyan, ka gaya masa?"