Jar Waya a Shagon Ƙanƙara

Mai ɗinki tana da 'ya'ya biyu da tsohon keken ɗinki na takawa, abin da mijinta ya rasu ya bar mata ke nan. Babban namiji ne. Tun yana ƙarami ba ya barin rediyo ya kwana da hanjinsa a ciki, shi ya sa unguwa ta laƙaba masa Injiniya. Da ya samu jami'a ya shiga fannin lantarki, sai sunan ya zauna daram. Yakan ce wa uwarsa ta ƙara haƙuri, wata rana shi zai riƙe wutar garin nan, kuma kekenta zai fara mayarwa na lantarki, ƙafafunta su huta.

Da aka yi hutu, Baffa, wan mahaifinsa mai shagon ƙanƙara, ya aiko ya je ya taya shi aiki, don zafi ya shigo, ciniki ya buɗe. Shagon ɗaki ne mai duhu, firiza jere har bango, ƙasa kullum jiƙe. A jikin bangon akwai wani makunni da ke kashe kansa idan wuta ta fara bin inda bai kamata ba. Makunnin ya dame Baffa da kashewa, ƙanƙara tana narkewa, sai ya sa guntuwar jar waya ta tsallake shi.

Injiniya na gani ya ce makunnin ba lalacewa ya yi ba, kashedi yake yi, akwai firizar da wuta ke bin jikinta. Baffa ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Injiniyan takarda ke nan. Tun ubanka bai tsirar da gemu ba nake wannan sana'a. Je ka ƙarasa haddarka tukuna."

Yaron bai ja da shi ba. Ya cire wayar, ya zo da ita gida ya nuna wa uwarsa, ya ce gobe zai bi firizar ɗaya bayan ɗaya ya gano mai laifin. Ta ce ya bi a hankali, baffansa ne.

Washegari ya shiga shagon da zuciya ɗaya, tunda ya san ya cire wayar. Ya tuɓe takalmi saboda santsi, ya kama murfin firizar ƙarshe. Wuta ta riƙe shi, makunnin kuwa bai motsa ba.

A wurin gaisuwar rasuwarsa, duk wanda ya zauna sai Baffa ya girgiza kai ya ce masa kwana ne ya ƙare. Mai ɗinki ta yarda da wannan, har ranar da ta je shagon ɗauko takalman ɗanta. Tana ɗaga ido ta ga sabuwar jar waya a kan makunnin, ga ta farkon a gida cikin aljihun kekenta. Ashe yaron na juya baya Baffa ya sa wata, bai gaya masa ba.

Ta kai maganar gaban dangi. Aka ce ba a kai ɗan'uwa ƙara, ta dubi zumunci, ta bar wa Allah. Ta ce ta ji. Ba ta sake ɗaga maganar ba, amma daga ranar ba ta ƙara shan ruwan sanyi ba.

Saura Auta, 'yar macen, wadda ke shirin gama sakandare. Uwar ta ajiye jar wayar a gabanta, ta gaya mata komai.

"Ni ban yi karatun da za a saurare ni ba. Ke za ki yi. Ki ɗora daga inda yayanki ya tsaya, ki kai inda in kin ce a rufe, za a rufe."

Auta ta shiga jami'ar, fannin yayanta. Baffa ya riƙa ba'a a majalisa, wai mace ce za ta hau falwaya. Uwar ta taka keke har gwiwoyinta suka kumbura. In Auta ta zo hutu tana kukan wuyar lissafi, ba a lallashinta, aljihun keken kawai ake jawo mata.

Shekaru suka tura. Auta ta gama, ta samu aiki a hukumar da ke duba wutar shaguna da masana'antu, har aka ba ta shugabancin masu fita bincike. Ran da layin su Baffa ya zo, ba ta tura kowa ba, ita ta je. Ta gaishe shi a ladabce, ta wuce bango. Wayar na nan, ta yi baƙi don tsufa, ga ma'aikatan shagon, magidanta, suna ta kai da kawowa a cikin ruwa. Ta sa aka yanke wutar, aka garƙame ƙofa, aka miƙa maganar kotu. Ƙanƙarar duk ta narke ta bi kwata.

Da yamma sai ga Baffa a ƙofar mai ɗinki, hula a hannu. Ya ce ta yi wa Auta magana, shagon nan shi ne cinsa, shi ne shansa, kuma shi uba ne a gare ta. Ba ta daina taka keken ba.

"Yaya, sai haƙuri. Kwanan shagon ne ya ƙare."

Ya juya ya tafi. Sai da ƙarar takalminsa ta ɓace ta ɗauke ƙafa daga keken. Ta ciro jar wayar, ta riƙe ta a tafin hannu, ta yi kukan da ta haɗiye tun ranar gaisuwa. Ta rama, amma keken na nan na takawa, wanda ya yi alkawarin gyara shi bai dawo ba.

Jama'a, ba don ado muke tura 'ya'yanmu su karanci fasaha ba. Idan wanda ya karanta ya ce akwai haɗari, a saurare shi ko da ɗan cikinka ne, kada kwaɗayin ciniki ya sa ka kashe ran da ba za ka iya mayarwa ba.