Matoya Takwas, Faifai Ɗaya

Injiniya, wato ni da na koya maka riƙon sukudireba, yau ni kake wa tambaya a tsaye, ko goro babu? Na yafe, haka mu manya muka saba. Ka ce na'urarka ƙwaƙwalwa takwas gare ta amma tafiyar hawainiya take yi. Ka ɗora musu aiki gaba ɗaya, ka manta ɗan wurin ajiyar da ke kusa da su bai fi cikin cokali ba. Zauna ka sha karatu.

Wata mata ta karɓi aikin masar suna, ta rantse wa maigidan cewa kafin a shafa fatiha kowane baƙo zai riƙe ƙullinsa da zafi. Ta gayyato matoya takwas, kowacce da tandarta, ta ajiye musu faifai ɗaya tal a tsakiya. Ba wadda ta yarda ta zauna ƙulla leda, wai ita gwanar suya ce, gadonta ta yi. Kafin ka ce kwabo faifai ya cika. Sai aka ce a riƙa kaiwa ɗakin ajiya can ƙuryar gida, ta wani lungu da mutum biyu ba sa giftawa. Wannan ta tafi, waccan ta taho, su yi kiciɓis, kowacce ta ce ita ce babba ba za ta ja baya ba. Shida na tsaye da masa a hannu suna jiran hanya, ta kan wuta tana ƙonewa. Da aka tuna da ƙullawa, sai an sake bin lungun nan an ɗebo. Liman ya shafa, baƙi suka watse da goro zalla, maigida ya sulale ta ƙofar baya don kunya. Masa kuwa ta huce a ɗaki, abin da ya rage ke nan, domin wani bawan Allah mai kyan tsari ya zauna bakin ƙofar yana taya su gadi. Kada ka dube ni.

Da matar nan ta sa biyar suya, uku ƙulli, masa na fita daga tanda tana faɗawa leda, da faifan nan ya ishe su har ya yi saura. Je ka tsara wa ƙwaƙwalen naka wa zai miƙa wa wa, daidai faɗin faifansu. Yanzu dai abin da ka haɗa shi ne taron tsintsiya ba shara.